Talabijin ɗin da na ƙi gyarawa

Ku da kuke zama a bencin ƙofar shagona kullum bayan la'asar kuna latsa waya, na ji abin da ɗayanku ya faɗa ranar kasuwa. Wai gyaran talabijin yanzu ba sana'a ba ce, mutum ya kalli bidiyo na minti goma a waya, ya cire fanel, allon wayoyin nan na ciki, ya sa wani, shi ke nan. Madalla, Allah ya ƙara basira. Ashe ni da na yi shekara talatin da ɗoriya ina shaƙar hayaƙin dalma a garin Mafara wahalar banza na sha, da na sani da na jira an haife ku kun koya mini. Tunda kun riga kun iya, bari in gaya muku ɗan abin da aka manta ba a sa a bidiyon ba.

Sunana Haruna, ko da yake rabon da wani ya kira ni da shi ba tare da ya liƙa masa "mai talabijin" ba har na manta. A Gusau na koyi aikin, wurin wani dattijo da ake kira Malam Buba mai rediyo. Da gemuna na je masa, bayan noma ya gwada ni na gwada shi mun rabu ba baram-baram ba. Na ɗauka ranar farko zai miƙo mini sukundireba. Wata shida ban kwance ko ƙusa ɗaya ba. Abin da yake yi shi ne ya jona talabijin ɗin da aka kawo, ya kunna, ya juyo ya dube ni.

"Mi ka jiya?"

"Ban ji komai ba, Malam."

"To zamna nan har ka jiya."

Haka zan zauna da kunne a jikin akwati kamar mai satar jin zancen maƙwabta. A hankali na fara rarrabewa. Akwai wani siririn fito da lafiyayyar talabijin take yi, in ka ji shi ka san wuta ta kai inda ya kamata. Akwai mai yin ƙyas-ƙyas, tana son tashi wani abu yana danne ta. Akwai kuma wadda za ta yi tsit, kuma ita Malam Buba ya fi tsoro, domin mai ƙara ta riga ta nuna maka inda ke mata ciwo, mai shiru kuwa sai ka bi ta gida-gida. Dokarsa ɗaya ce: in sauti ba ya fita, kada ka taɓa sifika sai ka tabbatar akwai abin da yake shiga cikinta. Gaggawar mai gyara ta kashe sifika masu lafiya fiye da yadda tsawa ta kashe.

Ranar da ya yarda na buɗe ta farko, irin mai ƙusumbin nan ce ta da, wadda sai mutum biyu suke ɗauka. Na cire ta daga wuta, na kwance bayan, na zura hannu da ƙarfin gwiwata. Ban san irin su suna riƙe wuta a ciki ko bayan an kashe ba. Na tsinci kaina a zaune cikin kwandon tsoffin wayoyi, hannuna ya yi sanyi har kafaɗa. Malam Buba bai ko ɗago daga abin da yake liƙawa ba, ya ce, "Yawwa, ta gaishe ka. Yanzu kun san juna."

Kayan aikin ba su da yawa, shi ya sa kuke raina su. Mita ta gwada wuta, ƙarfen liƙi, dalma, tsohon buroshin haƙori na kakkaɓe datti, da madubi. Madubin na jingina shi ne a gaban talabijin don in ga fuskarta ina aiki a bayanta, kuma wanda nake amfani da shi har yau daga ɗakin uwargidana Inna Kulu na ɗauko shi da sunan aro. In babu wuta, a garwashi nake ɗora ƙarfen liƙi, sai na gwada zafinsa kusa da kumatu kafin in kai shi jikin fanel. Ku je ku tambayi mai bidiyonku ko ya san yadda ake yin wannan.

Wani mutumin Morai ya taɓa kawo mini tasa a bayan babur, ya ɗaure ta da igiyar shanu, ya sauke a gabana yana rantsuwa cewa lafiya lau take, ita kaɗai ta mutu. Duk mai kawo gyara haka yake cewa. A tarihin shagon nan ba a taɓa kawo talabijin ɗin da wani ya taɓa ba, dukkansu da kansu suke yanke shawarar mutuwa. Na buɗe tasa na tarar da kunu ya bushe a kan fanel, har da ƙwallon tsamiya. Na nuna masa, ya duba da kyau, ya ce lallai daga kamfani ta zo da shi. Na ga wadda tsaka ta shiga ta kwanta a kan wayoyi biyu ta ƙone tare da su. Na ga ta amare, wadda ake lulluɓe wa da leshi mai kyau har ramukan shan iska, ta yi ta dahuwa a ciki wata da watanni. Na ga wadda maigida ya riga ya kai wa ƙaninsa da "ya ɗan iya," ƙanin ya kwance komai ya mayar, ƙusoshi huɗu suka yi saura, aka kawo mini su a leda kamar tsaraba.

Mugunyar shekarata ita ce shekarar da filasma ta cika gari. Kafin nan, ranar Talata da kasuwarmu take ci ba na samun wurin sa ƙafa a shago. Sai ga waɗannan sirara kamar faifai, kowa ya sayar da mai ƙusumbi ko ya kai ta ɗakin ajiya kaji su kwana a kai. Filasma kuwa in ka buɗe ta ba ka ga abin da ka sani, ƙananan abubuwa ne kamar gero an jera, ƙarfen liƙina in ya taɓa ɗaya sai ya haɗa da maƙwabtansa uku. Na yi damina guda ina zaune ina korar ƙuda daga kan gawarwakin talabijin da masu su suka ƙi dawowa ɗauka. Har albasa na gwada sayarwa a ƙofar shago, masu saye suna tambayata ko ita ma na gyara ta ne. Da na ga zama ba zai yi ba, na koma ɗalibi da furfurata. Na koyi filasmar, na koyi kafa dish, na koyi haɗa sola. Mutumin da ya saba aiki a zaune ya koma hawa kwanon ɗaki da tsakar rana, yana juya faranti wani yana duba hoto yana ihu daga ƙasa, "Ya zo, ya tahi, ya zo." Da haka na fita daga shekarar, kuma na fita da girman kai, abin da ya kai ni ga aikin da nake son ba ku labari.

Aiki mafi kyau da na taɓa yi a rayuwata a Bakura na yi shi, a gidan 'yata Hafsatu. Mijinta Malam Sanusi malamin firamare ne, mutumin Janbako, yaro mai ladabi da ba ya iya haɗa ido da ni. Aiki ya kawo shi Bakura, ya kama gidan haya a bakin gari, ɗaki biyu da tsakar gida, daga shi sai ita. Na ce 'yar mai talabijin ba za ta zauna shiru a baƙon gari ba. Na kafa faranti biyu na sola a kan kwano, na sa batir babba, na daidaita dish har iska ba ta girgiza shi, na rataye filasma a bango daidai inda hasken taga ba zai dame ta ba. Ko garin duka ya yi wata babu wuta, ɗakin Hafsatu ba zai sani ba. Duk wanda ya zo shago sai na ba shi labarin wannan aiki, ko bai tambaya ba.

Da ta haihu, namiji ne, Malam Sanusi ya yi mini kara ya sa masa sunana. Ta yi wankanta a gidanmu, kuma kwana arba'in ɗin nan yaron bai san ƙasa ba. Inna Kulu na kiransa maigida tana yi masa tsiyar bai ba da cefane ba, ƙannen uwarsa na yi masa waƙa, matan maƙwabta na karɓa suna miƙawa. Uwar kuwa, kun san yadda ake yi da ɗan fari. Ba ta kallonsa a gaban mutane, ba ta yi masa wasa, in ya yi kuka sai an ce mata ta ɗauka sannan ta ɗauka tana kawar da kai. Ga shi kuma sunan ubanta gare shi, kunya ta zama biyu. "Yaron nan" take ce masa, ko "shi." Haka uwarta ta yi da yayanta, haka kakarta ta yi, kuma ba wanda ya taɓa cutuwa, domin a babban gida in uwa ta yi shiru akwai bakuna goma da za su yi magana a madadinta. Abin da ba wanda ya lissafa, har da ni sarkin lissafin waya, shi ne ranar da za ta koma Bakura bakunan nan goma ba za su bi ta ba.

Wata iska ta farkon damina ta karkatar da dish ɗin, aka kira ni in je in daidaita. Lokacin takwarana yana da shekara ɗaya da rabi. Na gama aikin sama, na sauko na shiga ɗaki in duba hoto. Yana zaune a kan tabarma, an tokare shi da matashi, fuskarsa a sama, baki a ɗan buɗe. Wasu dabbobi masu launi suna ta tsalle a bango suna surutu da wani yare.

Na tsuguna na ce, "Takwara, ba gaisuwa?"

Ko motsi. Na tafa hannu, na yi masa irin sautin da ake yi wa yara, na kira shi da duk sunan tsiyar da na sani. Ya dai karkata kai don in daina tare masa hoto. Na zauna a ɗakin nan fiye da awa ɗaya ina shan furar da aka kawo mini, kuma a tsawon awar ban ji "ba" ko "da" daga bakinsa ba. Jikokin maƙwabtana da ba su kai shi ba suna cika gida da gwalan-gwalan har mutum ya rasa inda zai sa kansa. Wannan kuwa tsit. Gabana ya faɗi, irin faɗuwar da bai taɓa yi ba a kan kayan kowa.

Na ce wa Hafsatu, "Wanga yaro, haka shike wuni?"

Ta sunkuyar da kai, amma na ji alfahari a muryarta. "Ai ba shi da rigima, Baba. In na kunna mishi tun da sahe, har in ƙare aikina ba ka jin shi. Maƙwabta har cewa sukai kamar babu yaro gidan ga."

"To wa ka yi mishi magana?"

Ta yi ɗan murmushin kunya. "Baba, mi za a ce mishi? Ai bai san magana ba tukuna."

Na yi abin da na iya. Na zagaya bayansa na kashe talabijin ɗin da rimot. Ya ƙwalla ƙara har jijiyar wuyansa ta fito, na ce to, murya dai akwai. Uwar ta juya shi yana kallon ƙofa tana jijjiga shi, ni kuma na sake kunnawa. Ɗan ƙaramin sautin da take yi in za ta tashi, wanda ni kaina sai na kasa kunne nake ji, shi ya sa yaron ya waiwayo kamar an ja shi da zare. Kunne ma lafiya. Fita ce babu, kuma na fara zargin shigar.

Ni ba likita ba ne, don haka na matsa sai da Malam Sanusi ya kai shi asibiti, na bi su. Wata ma'aikaciyar jinya mai ƙiba da tabarau ta duba kunnen, ta buɗe bakin ta haska, ta ɗaga harshen. Ta ce ba ta ga komai ba, amma a dawo da shi bayan wata uku ta sake gani. Sannan ta tambayi awa nawa yake yi a gaban talabijin. Da aka gaya mata, ta cire tabarau ta ajiye.

Ta ce, "Yaro ba daga jin surutu shika koyon magana ba. Sai ya yi sauti an amsa mishi, ya ga bakin mai amsawa, ya sake yi an sake amsawa. Akwatin ga ko shekara ya yi shina kuka gabanta, ba ta san shina nan ba. Wane mai basira ne ya haɗa muku wadda ba ta mutuwa?"

Malam Sanusi ya dubi ƙasa. Ni kuma na ga wata takarda a bango da ta ba ni sha'awa ƙwarai, na tsaya karanta ta.

An dawo gida, an kashe talabijin, yaron ya yi kukan rabin awa, aka kunna. Washegari ma haka. Ba na ganin laifinsu, wanda bai taɓa zama da kukan yaro a ɗaki biyu ba shi ne zai yi saurin yanke hukunci. Ana cikin haka labari ya kai Janbako wurin mahaifiyar Malam Sanusi, Hajiya Dije, mace mai kirki da ba ta san wata matsala da aska ba ta magani ba. Ta aiko cewa linzami ne ya riƙe harshen, a danginsu an taɓa yi, wanzami ya yanka ƙarƙashin harshen yaron ya yi magana. Ta ce da zarar ruwa ya ɗauke hanya ta bushe za ta zo da wanzaminsu da kanta. Malam Sanusi ya gaya mata abin da asibiti suka ce, ta tambaye shi ko asibiti ne suka haife shi.

To ga ni a tsakiya. Za a sa aska a bakin yaron da harshensa lafiya lau, a gidan da ba ni da ikon cewa a'a, domin ɗa na ubansa ne. Ba zan je Janbako in koya wa surukar 'yata reno ba. Ba zan zaunar da Hafsatu in ce ta ajiye kunyar da mu muka koya mata ba, ko na faɗa ma sai ta ƙara sunkuyar da kai. Abu ɗaya ne a gidan nan da yake ƙarƙashin hukuncina, kuma ni na rataye shi a bango.

Na koma Bakura bayan kwana biyu na ce zan duba batir. Na sauke filasmar, na kwance bayanta, na zare wata 'yar siririyar waya da ke kai wuta ga hasken fuska, na mayar da murfi. Aikin minti uku. Shekara talatin da ɗoriya ban taɓa lalata kayan mutum da gangan ba, ko na wanda ya zage ni. Na kunna, fuska baƙa ƙirin. Na yi salati, na girgiza kai irin na masu gyara, na ce abin babba ne sai an kai shago. Na ɗaure ta a babur, takwarana yana ihu a bayana kamar na sace masa uwa, wanda in an bi gaskiya abin da na yi ke nan.

Kun san abin da ake zagin masu gyara da shi, "dawo gobe." Ni ina alfahari ban cika yin sa ba. A wannan damina na rama duk wanda ban yi ba. Kowace Talata Malam Sanusi zai zo kasuwa, ya biyo shago, ya tsuguna har ƙasa.

"Baba, ina wuni. Ya aiki, ya ruwa, ya mutanen gida?"

"Lahiya lau, Malam. Ya makaranta? Ya takwarana?"

"Shina nan, Baba. Kuka dai." Sai ya saci kallon filasmar da ke jingine a kusurwa. "Ko an dace?"

"Kayan ba su iso ba. Na aika Kano."

Talata ta gaba Kano ba su da shi sai Legas. Ta gaba an kawo amma ba irinsa ba ne. Ta gaba mai kawowa matarsa ta haihu. Na yi ƙaryar da in aka jera ta za ta kai Bakura ta dawo. Magana ta fara yawo a kasuwa cewa Haruna ya tsufa, talabijin ɗin 'yarsa ma ta gagare shi. Wani mai gyara da ya buɗe shago kusa da tasha ya aiko a gaya mini in na rasa yadda zan yi in kawo ya taimaka. Mutum biyu suka zo suka ɗauke kayansu ba a gyara ba. Na ji zafin wannan sosai, ba zan ɓoye muku ba, suna shi ne jarin mai gyara. Inna Kulu kaɗai ta gane, domin ta ga ban ko kwance murfin ba. Sai ta riƙa zuba mini miya da yawa.

Bakura kuwa na ƙi zuwa, saboda ban san da wane ido zan kalli Hafsatu ba. Abin da nake ji daga bakin mijinta shi ne makon farko ba wanda ya huta, yaron a bayanta yake wuni, in ta sauke shi ya bi ta yana jan zane. Daga baya ya ce kukan ya ragu. Na tambaye shi ko yaron yana cewa wani abu, ya ce shi dai in ya dawo daga makaranta shiru yake tarar da su. Shi ma ai ɗan farinsa ne, ba zama yake ya yi masa wasa ba.

Ruwa ya ɗauke, aka fara yankan gero. Wata Talata Malam Sanusi ya zo, ya gaishe ni kamar kullum, amma bai tashi ba.

"Baba, Hajiya ta aiko. Ran Juma'a za su zaka da wanzami." Ya dubi filasmar a kusurwa. "Kuma ta ce in akwatin ga ta gagara, in sayi wata, kada a yanka yaro babu abin da za shi ɗauke mishi hankali."

Na ga wasan ya ƙare. Wata uku na ɓata sunana, ga aska tana zuwa, ga sabuwar talabijin tana zuwa. Ranar Alhamis da safe na buɗe murfin, na mayar da wayar, hoto ya fito tar. Na naɗe ta da bargo na ɗaure a babur. Na yi niyyar in na isa in faɗi gaskiya, in kuma roƙi Malam Sanusi ko da zan tsuguna masa ne, abin da suruki ba ya yi.

Na isa wajen azahar. Yashi ya yi yawa a lungunsu, don haka na kashe babur tun daga bakin hanya na turo shi. Na jingina shi a jikin katanga, na buɗe baki zan yi sallama, sai na ji murya daga tsakar gida. Muryar Hafsatu ce, amma ban taɓa jin ta haka ba, sama-sama, tana ja tana wasa da ita.

"Wanga mi ne? Ludayi. Ce lu-da-yi."

Wata 'yar murya ta ce, "Dayi."

"Yawwa, ɗan albarka. To wagga hwa, mai kuka mee?"

"Kuya."

"Akuya ta wa? Taka ce? Ƙarya kakai, ta maƙwabta ce." Ta yi dariya, shi ma ya ƙyalƙyale, ya shiga jero wani dogon zance da ba shi da kai balle ƙafa, tana amsa masa da "Haba?" da "Sai aka yi yaya?" kamar mai ba ta labarin kasuwa. Sai na ji kwano ya faɗi.

"Haruna. Kai Haruna, aje kwanon ga. Haruna mai kunnen ƙashi, zo nan in cinye ka."

Tunda aka haife ta ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Na dafa katanga. Daɗi ya kama ni har idona ya kawo ruwa, ni da ko a jana'iza ba a cika ganin hawayena ba. Na kuma san in na yi sallama, kafin in rufe baki za ta ajiye shi ta ɗaure fuska, ya koma "yaron nan."

Ina nan tsaye sai ga Malam Sanusi ya shigo lungu da littattafai a hannu, an tashi makaranta, yau da ƙafa ya taho. Ya hango ni ya fara shirin tsugunawa, na ɗaga masa hannu, na sa yatsa a baki, na jawo shi jikin katanga. Ya tsaya yana saurare. A ciki ana ta fama da kalmar "ruwa," takwarana ya kafe a kan "uwa," uwar ta kafe a kan nata. Ya ƙara matsowa jikin katanga. Mutumin nan kullum da ƙarar babur ɗin haya da sallama yake shiga gidansa, bai taɓa jin abin da ake yi kafin ya shiga ba.

Mun daɗe a haka, maza biyu a rana, mun kasa shiga gidan da ɗaya yake biyan haya ɗaya ya haifi matar gidan. Can ya matsa nesa kaɗan, ya ciro waya, ya kira Janbako. Na ji yana cewa a hankali, "Hajiya, ku zaka ku ga jikanku, amma a bar wanzami ya huta. Ki saurara." Ya ɗaga wayar sama saitin katanga.

Da ya gama ya dawo, ya dubi bargon da ke ɗaure a babur, sannan a karo na farko tunda ya auri 'yata ya dube ni ido cikin ido.

Ya ce da ƙaramar murya, "Baba, ta gyaru?"

Na ce, "Ta gyaru."

Ya gyara igiyar da ta ɗan saki, ya ƙara ɗaure ta da kyau.

"Anya, Baba? Ni dai ina ganin kayan ba su iso ba."

Na juya babur, ya kama mini baya, muka tura shi tare cikin yashi har bakin hanya, don kada ƙarar ta shiga gidan.